Famfo Shida a Gabukka

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 6:30 na safe

Yau zan koma aiki. Mama ta ce kwana goma bai isa ba, na ce mata rijiya ba ta san kwana goma ba. Na bar ta a gidanmu na unguwar Manawashi da masu zuwa gaisuwa, su yi ta shan kunu suna kallon hoton da ke bango.

Bari in rubuta inda aiki ya tsaya, don kaina ba ya riƙe abu kwanakin nan. Burtsatsen Gabukka an haƙa, an samu ruwa. Tanki ya hau. Sola tana sama. Wurin ɗiba na bakin titi, a ƙofar gidan mai unguwa, an gina shi, famfo takwas a jere, har na sa an shafa masa shuɗin fenti. Saura abu biyu: akwatin da ke sarrafa injin, da sa hannun kwamitin matan da za su riƙa ɗiba. Oga Hillary, shugaban ofishinmu, ya ce ran 5 ga Disamba za a kwashe ma'aikata a koma Abuja. Duk aikin da ba a miƙa wa jama'a ba kafin ranar, za a kwance sola da inji a tafi da su. Mutanen Gabukka kuma su ci gaba da shan ruwan kwari, yara su ci gaba da gudawa.

Ba za a kwance ba. Ni Millicent na faɗa, na kuma ja layi a ƙasa.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 1:15 na rana

Na kira taron mata ƙarfe goma. Na sa an jera kujeru arba'in a ƙofar gidan mai unguwa. Awaki uku suka zo, su ma ba su zauna ba.

Mai unguwa Bamanga ya fito da carbinsa ya zauna kusa da ni. Dattijo ne mai kirki, amma ba ka jin "a'a" a bakinsa ko da gidansa ake kwashewa.

"Injiniya, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

"Baba, godiya ba ta sa hannu a takarda. Ina matan?"

"Mata kuwa, kin san su da uzuri."

"Dukkansu? Rana ɗaya?"

Ya ja carbi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce da godiya, na tashi na fara naɗe kujeru da kaina. Haushi nake ji. Wata huɗu ina shan rana a unguwar nan, kuma ba ni zan sha ruwan ba.

Na dawo ta doguwar hanya. Ban bi ta tasha ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Na kira Onyeka sau bakwai. Shi ne mai shagon kayan famfo a Herwagana, shi ke kawo mana kaya tun ranar farko, kuma shi kaɗai ya san inda ake samun irin akwatin nan cikin mako guda. Na farkon ya iso Gombe, bai iso hannunmu ba. Dole a yi odar wani.

Waya tana shiga, ba ya ɗagawa. Mutumin da in na kira shi da, kafin ƙara ta biyu zai ce, "Madam injiniya, me ya ƙare?"

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Sau tara. Na tura saƙo. Shagon nasa bai fi minti goma sha biyar daga ofis ba, na sani.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Juma'a. Ban fita ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Na yi wanka na ɗaura ɗankwali na tafi coci. Layin binciken jaka ya kai bakin titi. Na tsaya daga nesa na ƙirga kusan mutum sittin a cunkushe, sai ƙafata ta juya da kanta. Na gaya wa Mama ciwon kai ne.

Akwatin kayan aikin Jesse yana nan a bayan ƙofa inda ya ajiye shi. Jesse ƙanena ne, shi ne mai haɗa famfon aikin nan. Duk famfon da ya kafa, shi ke fara tara hannu ya sha kafin kowa, wai in da guba a ciki mai aikin ya kamata ta fara kamawa. Mama ta ce a ɗauke akwatin a kai ɗaki. Na ce a bar shi.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

Tunda sun ƙi zuwa wurina, na bi su inda suke. Ƙarfe shida da rabi ina bakin kwari. Abin da na fara lura da shi, ba sa zuwa tare. Wannan ta sauka ta tona yashi ta cika jarka, sai ta hau sannan wata ta ɓullo. Babu hira, babu jira.

Aka nuna mini Kadijatu. Tsohuwa ce daga wajen Madagali, ta zo da jikoki huɗu wata uku da suka wuce, kuma duk matan da suka yi gudun hijira zuwa unguwar maganarta suke ji. Ta ajiye jarka ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai famfo?"

"Ni ce, Dada."

"Ya yi kyau. Shuɗi."

"To me ya hana ku zuwa taro?"

"Taro," ta ce, kamar na ambaci sunan cuta. "'Yata, shekaranjiya na je injin niƙa da ƙullin masara cikin hijabi. Kafin in sauke, layi ya watse, wata har ta bar takalminta. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da na hango kaina da na gudu. Yanzu ki ce mu taru mu hamsin a bakin titi da jarkoki, motoci na tsayawa, kowa na kallon cikin kowa? 'Yan gari suna tsoronmu, mu muna tsoron titi. Wa zai tsaya a layin naki?"

Na fara yi mata bayanin lita nawa tankin yake ɗauka. Ta bar ni na gama.

"Wa kika tambaya kafin ki gina?"

"Mai unguwa da dattawa."

"Su nawa kika taɓa gani da jarka a ka?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa maƙwabci na je na tambaya. Dattawa an kawo musu kyauta, ba za su dubi idona su ce wurin bai yi ba. Na ji godiya na rubuta "sun amince".

Abin da ya fi ci mini rai, an gaya mini. A watan Satumba Jesse ya ce a raba famfunan nan cikin lunguna, biyu nan, ɗaya can, kada a tara mutane wuri guda. A gaban leburori na ce masa, "Kai mai haɗa famfo ne, ni ce injiniya." Ya yi dariya ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Kunya nake ji. Kuma jiya ni ma juyawa na yi daga ƙofar coci.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 3:40 na yamma

Oga Hillary ya saurare ni yana murza goshi.

"Millicent, Abuja ta sa hannu a zanen nan."

"Abuja ba ta ɗibar ruwa a Gabukka, oga."

"Saura kwana goma sha bakwai. Ba ki da akwati, ba ki da bututu, ba ki da mai haɗawa. Mita ɗari shida za a tona. Ki je gida ki huta, babu wanda zai ga laifinki. Kowa ya san abin da..."

"Ba hutu na zo nema ba."

A ƙarshe ya ce katangar waya da ba mu yi ba, a mayar da kuɗinta na bututu, shi zai san abin da zai gaya wa Abuja. Amma ran 5 ga wata motar kwance kaya za ta zo, ko da ruwa ko babu.

Na nemi masu haɗa famfo biyu. Ɗaya ya koma Kaltungo da iyalinsa. Ɗaya ya ce matarsa ta hana shi aiki a gefen gari.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 12:30 na rana

Na je Herwagana.

Ƙofar shagon rabi a rufe, kaya duk an ɗaure cikin kwalaye. Onyeka yana zaune kan buhun gwiwoyin bututu, ya rame. Da ya gan ni ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa. Shekara ashirin da biyu yana garin nan. Ya ce matarsa Ifeyinwa da yara sun tafi garinsu tun makon jiya, shi ma ran 29 zai bi su.

"Madam, na ga kiranki. Wallahi na gani. Hannuna ne ya ƙi."

"Akwati nake so, Onyeka."

"Kayana ne," ya ce. "Sunana ne a jikin kwalin. Ni ya kamata in je tasha in ɗauko. Na ce sai na gama da kwastoma..."

"Ni na ce kada a jira ka."

Ban taɓa faɗar wannan da baki ba sai yau. Muka tsaya, ni ina kallon sikeli, shi yana kallon ƙofa. Wani ya leƙo yana neman kan famfo, Onyeka ya ce an rufe.

Sai ya shiga ciki ya fito da wani ɓarin kwali. A bayansa an yi zane da biro: tanki, layuka, da alamar gicciye guda shida. Rubutun Jesse ne, na san shi tun yana aji ɗaya, bai taɓa gyaruwa ba. "Gindin darbejiya." "Bayan gidan mai ɗinki." "Lungun Dokas."

"A nan ya zauna ya zana," in ji Onyeka. "Ya ce in ware masa bututu in ajiye. Ya ce, yayata akwai taurin kai, amma takan sauko, sai dai ba ta sauka da wuri. Suna baya. Ban sayar ba."

Na zauna a kan kwali. Ban yi masa maganar yarjejeniya ba, ban ce ofis zai yi kaza ba. Na ce masa na iya lissafin ruwa amma ban iya haɗa bututu ba, shi kuma ya yi shekara shida yana koyon wannan aikin kafin ya buɗe shago. Na ce ina roƙon mako guda.

"Ifeyinwa za ta kashe ni."

"Ba ni lambarta, ni zan roƙe ta."

Bai ba ni ba. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya miƙo mini kwalin, na rungume shi har ofis kamar jariri.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

Saƙo daga Onyeka: "Na yi oda. Zai iso Juma'a mai zuwa." Juma'a kuma.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 5:20 na yamma

Ƙafafuna sun kumbura. Gida ashirin da bakwai muka shiga ni da Kadijatu, babu kujera, babu taro, mace ɗaya-ɗaya a tsakar gidanta. Na shimfiɗa kwalin a ƙasa na ce su gyara. Sun matsar da gicciye biyu: ɗaya yana kusa da inda samari ke zama, ɗaya kuma ruwan sama na kwanciya a wurin. Jesse ma ashe bai san komai duka ba. Da na so in gaya masa.

Da safe na fara zuwa wurin mai unguwa, don famfo takwas a ƙofar gidansa girma ne, ni kuma na zo in rage. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, na zo ka gyara mini." Na ce za a bar biyu a wurin don alwala da masu wucewa. Ya ja carbi ya fi sau talatin.

"Tona kuma fa?"

"Shi ne ya hana ni barci. Gayya ce maganinsa, amma wa zai fito gayya yanzu?"

"Injiniya," ya ce, "wa ya ce miki sai an taru ake gayya? Kowane gida ya tona daga farkon katangarsa zuwa ƙarshenta. Ramin ne zai haɗu, ba mutane ba."

Wallahi dattijon nan da ya yi boko da ni ce mai riƙe masa jaka. Ya ce shi zai aika gida-gida, kuma duk magidancin da katangarsa ta rage babu rami, kowa zai gani.

Dokas ce ta tsaya mana. Gwauruwa ce mai tuyar ƙosai, shekara goma sha biyar a unguwar, kuma lungunta ne bututun zai bi. Ta ce ba ta son a jawo mata baƙin fuska ƙofar gida. A gaban Kadijatu ta faɗa. Na buɗe baki zan yi wa'azi, Kadijatu ta taɓa mini hannu.

"Gaskiyarki," ta ce wa Dokas. "Ba ki san ni ba. Zan riƙa zuwa da jarka a waje, hannuna biyu a fili. Makullin famfon lungun kuma ke za ki riƙe. Ranar da ba ki yarda ba, ki rufe."

Dokas ta juya ƙosai, ta juya, ta ce, "A gwada." Ba ta yi murmushi ba, amma ta naɗe mana guda biyar a takarda.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na safe

Rami ya fara tafiya. Wani wurin a miƙe, wani wurin kamar maciji ya sha giya. Za a gyara.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Direba ya kira ƙarfe tara ya ce kaya sun iso tasha. Onyeka ya ce in zauna, shi zai je. Na ce na daina aike.

Tare muka je. An sa shinge a ƙofa, ana bincike. An yi sabon fenti a bangon gabas, wani wurin bai rufe ba. Mai shayi yana nan, ko wani ne daban, ban sani ba. Ban kalli hagu ba. Onyeka ya sa hannu a takarda, biro ya faɗi sau biyu. Ni na ɗauki kwalin. Bai kai nauyin bokitin ruwa ba. Don wannan ne.

Muka hau Keke. Da muka kai Gabukka ya ce, "Na gaya wa Ifeyinwa sai Asabar ta sama. Ta yi kuka, ta zage ni, ta ce in gaishe ki."

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe 6 na yamma

Mita ɗari biyu da tamanin. Na kawo akwatin da ke bayan ƙofa, don kayan aikin Onyeka sun tafi gida tare da iyali. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ni ke shafa gam shi ke haɗawa. Mata na miƙo ruwan sha ta saman katanga, ruwan kwari, muna sha muna godiya.

Talata, 2 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

An ji ƙara daga wajen gari da rana. Kowa ya shige gida, aka bar mu da rami. Muka zauna a zauren mai unguwa awa biyu. Aka ce taya ce, aka ce ba taya ba ce. Mun koma aiki.

Laraba, 3 ga Disamba, ƙarfe 5:45 na yamma

Mun kunna. Tanki ya cika. Muka buɗe, sai lungun mai ɗinki ya zama tafki. Haɗi uku sun ɓalle, kuma duka inda ni na shafa gam ne. Na ga bakin Onyeka yana motsi. Na ce ya faɗa. Ya ce, "Madam, ke injiniya ce." Na yi dariya, karo na farko, har na ji ciwo a haƙarƙari.

Saura gobe. Oga Hillary ya kira ya ce mota ta taso.

Alhamis, 4 ga Disamba, ƙarfe 4:30 na yamma

Ruwa ya zo.

Ƙarfe sha ɗaya muka buɗe na gindin darbejiya. Ya yi tari, ya tofa iska, ya zubo ja, sannan ya washe. Kadijatu tana tsaye da jarka, Onyeka da sifana a hannu. Babu wanda ya matsa. Sai na gane Onyeka ni yake kallo, don ya sha ganin yadda ake yi.

Na tsuguna na tara hannu na sha. Akwai ɗanɗanon gam. Muka wuce na biyu na sha, na uku na sha. Kafin na shida cikina ya cika, rigata ta jiƙe, ina kuka kamar yarinya, Kadijatu tana bubbuga bayana tana magana da Fulatanci, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Takardar kwamiti ta zaga gida-gida, mata tara suka dangwala yatsa. Da zan tafi na waiga lungun Dokas. Kadijatu tana cika jarka, hannunta biyu a fili. Dokas tana bayanta da bokiti, tana jira.

Juma'a, 5 ga Disamba, ƙarfe 9 na safe

Mota ta zo, ta koma babu kaya. Onyeka zai tafi gobe, ya ce bai sani ba ko zai dawo. Na ce in ya dawo ya ɗaga waya.

Oga Hillary ya ba ni fom ɗin rufe aiki. Akwai layin da aka ce a rubuta sunan wanda ya tsara zanen ƙarshe. Na rubuta. Ya karanta, ya dube ni, ya sa hannu.

Tunda na iya rubuta wancan, bari in rubuta wannan. Jesse ya rasu a tasha da bam ya tashi ranar Juma'a da safe, sati biyar ke nan. Ni na aike shi ɗauko akwatin injin, don ina sauri. Ya ce in bari ya karya tukuna, na ce in ya dawo ya karya.

Na sauko, Jesse. Ban sauka da wuri ba.